Wasiƙa Zuwa ga Edita: Zomo Yana Iya Farkawa Lafiya Daga Maganin Barcin Tiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Jidda da Makka da Madina, da kuma abokan aikina likitocin dabbobi, a kan wani al'amari da mutane da yawa za su raina, alhali kuwa rai ne ake asara a cikinsa. Ajiye zomo a cikin gida ya yawaita a tsakaninmu a 'yan shekarun nan, ba don nama ba kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, sai don sha'awa da ɗebe wa yara kewa, musamman da yake galibinmu a gidajen bene muke zaune, inda babu filin ɗaure akuya ko tunkiya. Magidanci ya bi ta kasuwar tsuntsaye ya sayo ɗan zomo, kafin shekara ta zagayo an raɗa masa suna, yara ba sa kwanciya sai sun leƙa shi. Ranar da wannan zomo ya buƙaci tiyata kuwa, sai a jawo maganar nan da ta zauna a bakin jama'a, wai zomo ba ya jure maganin barci, in aka kwantar da shi ba ya tashi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ɓarnarta ta fi amfaninta, domin ta sa masu zomaye suna gudun aikin da zai ceci dabbarsu, ta kuma zama mafaka ga duk wanda ya yi sakaci a ɗakin tiyata, sai kawai ya ce ai zomo ne, dama haka suke.

Gaskiyar da ke cikin maganar an auna ta. Wani babban bincike da Dakta David Brodbelt da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin dabbobi na Birtaniya tsakanin 2002 da 2004, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2008, ya bi diddigin dubban karnuka da kyanwoyi da zomaye da aka sa wa maganin barci, ya ƙirga waɗanda suka mutu cikin awa 48. A karnuka an samu mutuwar kusan ɗaya cikin 600, a kyanwoyi ɗaya cikin 419, a zomaye kuwa ɗaya cikin 72. Da aka ware zomaye masu lafiya adadin ya sauka zuwa ɗaya cikin 137, a marasa lafiya kuma ya haura zuwa kusan ɗaya cikin 14. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne kashi 64 cikin 100 na zomayen da suka mutu ba a kan teburin tiyata suka mutu ba. An gama aiki, an ɗinke, an mayar da su keji, sannan rai ya fita, da yawansu cikin awa 3 na farko. Ma'ana, abin da aka yi kafin allurar, da abin da aka bari ba a yi ba bayanta, suna da hannu mai yawa a cikin wannan asara, kuma waɗannan abubuwa ne da gyaransu ke cikin ikonmu.

Hausawa na cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. To, haka ma zomo ba ƙanin kyanwa ba ne, asibiti kawai suka tara. Asibitocin ƙananan dabbobi na wannan ƙasa kyanwoyi ne suka cika su, sai tsuntsaye, karatun da akasarinmu muka yi kuma, a Nijeriya ne ko a Sudan ko a Masar ko a nan, ya fi ƙarfi a kan shanu da tumaki da raƙuma da kaji, saboda su ne dukiyar jama'a. Don haka idan aka kawo zomo, hannun likita yakan tafi ga abin da ya saba yi wa kyanwa, kuma ɓarna ta farko da wannan sabo ke haifarwa ita ce a ce wa mai zomo ya hana shi abinci tun daren jiya.

Dalilin da ya sa ake hana mutum ko kare ko kyanwa abinci kafin tiyata shi ne gudun kada ya yi amai yana cikin barci, aman ya sarƙe shi ya shiga huhu. Zomo kuwa ba ya amai, domin bakin tumbinsa yana da ƙarfin da ba ya barin abin da ya shiga ya komo sama, saboda haka azumin da ake sa shi ba ya kare shi daga komai, illa kawai yake jawo masa. Allah Ya halicci cikin zomo a kan ci ba tsayawa: ciyawa tana shiga, hanji yana motsi, ƙananan halittun da ke zaune a babban buhun hanjinsa suna narkar da ita, har ma yakan fitar da wani kashi mai laushi, galibi da dare, ya sake cinye shi don ya kwashi sauran amfanin da ke ciki. Idan abinci ya yanke na dare guda, motsin hanjin ya ragu, iska ta taru, ciki ya kumbura ya yi ciwo, ciwon ya ƙara hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin. Sukarin jininsa yana sauka, in kuma mai ƙiba ne, kamar yawancin zomayen gida da ake ɗura wa burodi da shinkafa da dabino, kitse yakan taru a hantarsa ya raunana ta. Zomon da ya shiga tiyata a wannan hali ya riga ya rasa rabin ƙarfinsa tun kafin a taɓa shi da allura. Abin da ya dace shi ne a bar masa ciyawarsa da ruwansa har zuwa asibiti, sai dai a janye abincin kimanin awa ɗaya kafin aiki, a kuma duba kumatunsa a share ragowar da ya ɓoye a baki. Duk inda aka ce wa mai zomo ya hana shi abinci kwana guda, shawarata ita ce ya ɗauki zomonsa ya nemi wani wuri, domin wannan umarni kaɗai ya isa ya nuna ba a san dabbar da za a yi wa aiki ba.

Zomo dabba ce da ake farauta, kuma duk dabbar da ake farauta tana ɓoye ciwonta, tun da wanda ya nuna rauni a dawa shi ake fara kamawa. Shi ya sa zomon da mai gida ke ganin lafiyarsa ƙalau zai iya kasancewa yana ɗauke da ciwon huhu na ɓoye, wanda sau da yawa ƙwayar cutar da ake kira fasturela ke kawowa, har sai maganin barci ya danne numfashi sannan ciwon ya bayyana. Wajibi ne likita ya saurari ƙirji da ciki, ya duba hanci, ya duba cikin ƙafafun gaba ko gashin wurin ya cukurkuɗe da majina (da su zomo ke share hancinsa), ya tambayi yadda ci da kashi suke a kwanakin baya, sannan ya auna nauyi a kan sikeli mai nuna giram, domin a dabbar da ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuskuren giram 200 a ƙiyasi kuskure ne babba a adadin magani. Wanda aka samu ya bushe ko ya daina ci, sai a fara yi masa ƙarin ruwa a ciyar da shi, a ɗage tiyatar in ba ta gaggawa ba ce.

Tsoro ma yana kashe zomo, domin firgita tana watsa masa sinadaran da ke hargitsa bugun zuciya da tsayar da hanji. A ɗakin jiran asibitocinmu za ka ga an ajiye kejin zomo kusa da kyanwa, wani lokaci ma ga mai shaho zaune da shahonsa a hannu, zomon yana ganinsu yana jin warinsu na tsawon awa guda. Raba masa wuri da rufe kejinsa da mayafi mara nauyi ba sa cin ko riyal ɗaya. Kamun da muka gada na ɗaga zomo ta kunnuwa kuwa ya kamata a daina shi gaba ɗaya, saboda ƙasusuwan zomo ba su kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, ƙafafunsa na baya kuma suna da ƙarfi ƙwarai, in ya yi shuri yana reto a iska yana iya karya ƙashin bayansa ya shanye har abada. A tallafe ƙirji da hannu ɗaya, ƙugu da ɗayan, ko a naɗe shi a tawul. Akwai kuma masu kwantar da zomo rigingine, su ga ya sandare, su ce ya yi barci, har su yanke masa haƙori a haka. Wannan sandarewar tsoro ce, yana ji yana gani, kuma ba ta rage masa zafi ko kaɗan.

A nan zan juyo ga abokan aikina, domin a hanyar numfashi ne aikin zomo ya fi wuya. Ƙirjinsa ƙarami ne idan aka gwada da cikinsa, don haka in aka shimfiɗa shi rigingine nauyin hanji yakan danne huhu, sai an ɗan ɗaga ɓangaren ƙirji da kai a kan tawul, wuya kuma a miƙe. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Idan aka kifa wa zomo mai ido biyu abin shaƙa aka sakar masa iskar sa barci ta aisofuloren kai tsaye, warinta yakan sa ya riƙe numfashi har minti ɗaya ko biyu, bugun zuciyarsa ya faɗi, yana ta fafutukar ƙwacewa, sannan ya ja iskar da yawa a lokaci guda. Hanya mafi aminci ita ce a fara kwantar masa da hankali da allura, kamar midazolam tare da mai kashe zafi irin su bufrenofin ko butofanol, a shaƙa masa oksijin zalla na 'yan mintuna, a sa ƙaramin bututun ƙarin ruwa a jijiyar gefen kunne bayan an shafa man kashe zafi a wurin, sannan a shigar da shi barci a hankali. Na san a wurare da yawa abin da ke hannu shi ne haɗin ketamin da zailazin, a yi allura ɗaya a tsoka a shiga aiki. Haɗin yana sa barci, amma yana danne zuciya da numfashi, kuma yin amfani da shi ba tare da tulun oksijin a gefe ba ganganci ne da bai kamata mai lasisi ya yarda da shi ba. Inda ake amfani da medetomidin, a tanadi atifamezol a sirinji tun kafin a fara, don a iya warware maganin nan take in numfashi ya yi ƙasa. A kuma tuna cewa zomaye da yawa suna da wani sinadari a jininsu da ke rusa atrofin, maganin ƙara bugun zuciya, da sauri, shi ya sa ake fifita gilaikofirolet idan bugun zuciya ya ragu.

Sa bututun numfashi a maƙogwaron zomo fasaha ce da sai an koya. Bakinsa ƙunci ne da zurfi, gindin harshensa ya yi tudu ya tare gani, maƙogwaron kuma yana saurin kumbura da shaƙewa idan aka yi ta tsokanarsa, saboda haka wanda ya gwada sau biyu ko uku bai samu ba gara ya haƙura ya koma ga abin shaƙa mai kama fuska sosai, da ya ci gaba har ya ji wa dabbar rauni. Yanzu akwai wata na'urar roba mai suna v-gel da aka ƙera daidai da siffar maƙoshin zomo, tana zama a bakin maƙogwaro ba tare da ta shiga ciki ba, kuma ta sauƙaƙa aikin ƙwarai, sai dai tana iya gocewa idan aka motsa kan dabbar, don haka tana buƙatar na'urar da ke auna iskar da ake fitarwa a kowane numfashi. Duk da haka, na'urar da ta fi kowace muhimmanci a ɗakin ita ce mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon zomon, yana ƙirga numfashi, yana sauraren zuciyar da ke bugawa fiye da sau 200 a minti, yana duba launin dasashi, yana ɗiga man ido saboda idon zomo a waje yake kuma ketamin yana barinsa a buɗe. Likitan da ke yanka da ɗinki ba zai iya haɗa wannan da aikinsa ba.

Mai karatu zai yi mamaki idan na ce sanyi yana kashe zomo a Jidda, amma haka abin yake. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38.5 ne da 40, jikin ƙarami ne, kunnuwan kuma faffaɗa ne masu zubar da ɗumi. A ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki dare da rana, a kan teburin ƙarfe, an aske ciki an jiƙa shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai sanyi, zafin jikin yana zubewa cikin mintuna, jikin da ya yi sanyi kuma ba ya iya narkar da maganin barci, sai farkawa ta yi ta ja. A shimfiɗa masa abin ɗumi mai tawul a kai don kada fatarsa ta ƙone, a ɗumama ruwan da za a ƙara masa, a taƙaita askin, a riƙa auna zafinsa har ya farka. Da ya miƙe kuma sai a janye ɗumin, domin zomo ba ya gumi, da zarar zafin wuri ya haura digiri 30 ya fara wahala. Wannan kashedi ya fi shafar mai zomo a hanyar zuwa da komawa, tun da a bazarar Makka da Jidda motar da aka kashe aka bari a rana tana iya halaka shi kafin a fito daga kanti.

Batun kashe zafi shi ne inda nake ganin an fi tauye wa wannan dabba haƙƙi, saboda ba ta kuka, sai a ɗauka ba ta jin ciwo. Zomon da ke jin ciwo yakan takure wuri guda, ya runtse ido, ya kwantar da kunnuwa baya, yana niƙa haƙora, har masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka fitar da ma'aunin gane ciwonsa daga yanayin fuska a 2012. Ciwon da ba a kashe ba shi ne yake hana shi ci, rashin ci kuma ya tsayar da hanji, ta nan ne aikin da ya yi kyau a kan tebur yake ƙarewa da gawa bayan kwana biyu. A sa lidoken a wurin yanka, a ba da meloksikam a ci gaba da shi na 'yan kwanaki a gida, a kuma san cewa abin da zomo ke buƙata daga wannan magani a kowane kilo ya fi na kare. Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Idan dabbar da za a yanka tana da haƙƙin a rage mata azaba, to wadda aka yanka don ta rayu ba za a bar ta da raɗaɗi don tsimin kuɗin allura ɗaya ba.

Wani zai ce, tun da hatsarin ya kai haka, me zai hana a bar tiyatar gaba ɗaya? Amsa ita ce sankarar mahaifa tana daga cikin cututtukan da suka fi kama zomanyar da ta haura shekara 3 ko 4 ba a cire mata mahaifa ba, kuma yin aikin tana ƙarama mai lafiya ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan jira sai ta fara fitsarin jini, lokacin da ta koma sahun marasa lafiyan nan da ɗaya cikin 14 ke mutuwa. Haƙoran zomo kuma ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako, in babu busasshiyar ciyawa da za ta riƙa cinye su sai turamen su yi tsini su yanki harshe da kumatu, kuma ba a iya gyara turame sai cikin barci. Datse haƙoran gaba da abin yanke farce, wanda wasu ke yi don gudun maganin barci, yana tsaga haƙorin har saiwa ya haifar da ƙurji a muƙamuƙi.

Ga masu zomaye, babu rashin ladabi a tambayar likita, wanda ya san aikinsa ma daɗin tambayar yake ji. A tabbatar asibitin yana da lasisin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, a tambaya ko sun saba yi wa zomaye tiyata, ko akwai oksijin, ko akwai wanda zai tsaya a kan zomon har ya farka ya zauna da ƙafafunsa, da kuma irin maganin zafin da za a ba shi ya tafi da shi gida. A taho da ciyawar da ya saba ci da ɗan ganyen da ya fi so, in yana da abokin zama a taho da shi, domin ganin ɗan uwansa yana ci yakan sa shi ma ya kai baki. Barsim, ganyen kiwon nan da ya cika kasuwanninmu, yana da kyau wajen jawo sha'awar ci bayan tiyata, ko da yake bai dace ya zama abincin babban zomo na kullum ba saboda yawan sinadarin kalsiyam da ke taruwa a mafitsara. Kada a karɓi zomo yana layi, a bari sai ya farka sosai, zai fi kyau ma a ce ya ɗan ci wani abu. A gida a ajiye shi wuri mai shiru, a hana yara ɗaukarsa, a sa ido a kan kashinsa, in bai ci da kansa ba cikin 'yan awoyi a dama abincinsa a ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji ta gefen baki. Idan awa 12 ta wuce bai ci ba kuma bai yi kashi ba, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Kada kuma a ɗauko ragowar maganin yara a ɗura masa, domin magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da kilindamaisin da linkomaisin idan aka ba zomo ta baki suna kashe halittun da ke narkar masa da abinci, su jawo zawo mai kisa, haka ma maganin ƙuma na kyanwa mai ɗauke da fifronil guba ne a jikinsa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalamu alaikum.

Naku,
Likitan dabbobi mazaunin Jidda, Saudiyya